Kalostar Bakari

Bracodi, Adjamé

Zuwa ga autata Nafisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina kuma roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sanya albarka a aikin duba dabbobin da za ki fara a Ferke, ya tsare ki a hanya, ya sauke ki hannun mutanen kirki. Amin.

Na san za ki yi dariya. Gida ɗaya muke kwana, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, amma ga ni ina rubuto miki wasiƙa kamar kina Maraɗi. Dalilin shi ne in muna magana baki da baki ba ma kai ƙarshe. Ni in fara da Hausa, ke ki amsa da Faransanci, kafin in lalubo abin faɗa Innarki ta sa baki, sai a tashi. Ki karanta a hankali. Inda Hausar ta yi miki nauyi ki sake bi, amma kada ki kai wa Innarki ta fassara miki. Za ki ga dalili a gaba.

Ran Lahadi muna cin tuwo kika yi mini tambaya. Kin ce tun da na ba ki bashen nan tawa, motar kaya mai tamfol a baya, allurar zafi ba ta tsayawa wuri ɗaya, kin kai ta garejin bayan tasha, makaniki ya ce kalosta ce ta gaji. Kika ce, "Baba, wacce zan saya, orijin ko adaptabul? Shi makanikin ma cewa ya yi a cire ta baki ɗaya, wai ta ƙasar sanyi ce." Na ce ki tambayi masu sana'a, na wanke hannu na fice. Na ga yadda kika bi ni da ido. Shekara talatin da wani abu ina ɗauko nama daga mayanka ina raba wa mahauta, ga ɗiyata za ta ɗauki motata ta yi arewa ita kaɗai ran Asabar, ta yi mini tambaya guda kan mota, na kasa ba ta amsa. Amsar ina da ita. Tambayar ce ta taɓa mini wani wuri da na daɗe ina rufewa, kuma yau zan buɗe miki shi.

Bari in fara da abin da kika tambaya. Kalosta 'yar ƙofa ce ta ƙarfe, ba ta cika tafin hannunki ba. Tana zaune tsakanin inji da radiyata, tankin nan na gaba inda ruwa ke shan iska. Da safe inji da sanyi, sai ta zauna a rufe, ruwa ya yi ta zagaye a cikin injin har ya ɗumama. In zafi ya kai inda aka tsara mata, sai ta buɗe da kanta, ruwa ya wuce radiyata ya huce ya dawo. In ta maƙale a rufe, inji ya tafasa. In ta maƙale a buɗe, ba zai samu ɗumin da yake buƙata ba, kuma injin gazuwal, wato dizal, ba ya sakin jiki sai da ɗumi.

Makanikin da ya ce miki a cire ta ba shi ya fara ba. Ni ma an faɗa mini, na kuma yarda. Lokacin ban daɗe da auren Innarki ba, na samu motata ta fari, wata tsohuwa mai hayaƙi. Wata rana ta ɗan yi zafi, na kai ta wani gareji a nan Adjamé. Mutumin ya kwance ƙusa biyu, ya ciro kalostar, ya nuna mini ita kamar ya kama ɓarawo. Ya ce, "Ka ga mai hana ruwa wucewa! Wannan Turawa suka yi wa ƙanƙararsu. Mu nan rana ta ishe mu." Sai ya wurga ta bisa rufin kwano. Na ji ta faɗa kan 'yan uwanta, don haka al'adar garejin take, duk wadda aka cire can ake jefa ta. Har godiya na yi masa.

Wata da watanni allura na kwance a ƙasa, ko motsi ba ta yi. Ni kuwa sai cika baki a mayanka, ina ce wa abokan aiki motata ba ta san zafi ba. Damina na zuwa sai ta fara nuna hali. Da safe in tayar da ita tana tari, tana zubar da baƙin hayaƙi har maƙwabta na rufe taga. Gazuwal kuwa kamar ana zuba shi a rariya. In na ɗauko kaya, hawan gada sai da addu'a. Ran da aka zubar da man inji na ga ya fito baƙi ƙirin, da kauri. Na zargi gidan mai, na zargi wanda ya sayar mini da motar, na zargi bakin mutane. Kada ki faɗa wa kowa, har rubutu na karɓo na yayyafa wa taya huɗu.

Wani mahauci ne ya tausaya mini, ya ce in tsallaka Treichville, unguwar Biafra, in nemi Bakari. Ke kin san shi da Tonton Bakari, in ba ki manta ba. Mutumin Odienné ne, Bajule, siriri, ba ya gaggawa ko a magana. Garejinsa a bakin wani babban gida yake, ƙarƙashin itacen mangwaro. Ya tayar da motar, ya bar ta tana aiki, ya ɗora hannu kan tiyon sama, ya jima yana saurare. Sai ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Koro, ina kalosta?" Koro da harshensu yaya ke nan, haka yake kirana ko da yake ban girme shi da yawa ba. Na ce, "Tana kan rufin wani gareji a Adjamé." Ya yi dariya har ya zauna kan taya. Ya ce, "Kai ma in aka fitar da kai aiki kullum da rigar ruwa a jiki, haka za ka yi tari." Ya sa sabuwa. Hayaƙin ya ragu, amma injin ya riga ya ci kansa, bai ƙara daɗewa ba.

Saboda haka, Nafi, kada ki bari a cire miki ita. Allura kwance a ƙasa ba lafiya ba ce, wurinta tsakiya. Wuri ɗaya kawai na yarda a cire: in ta maƙale a rufe kina cikin daji, tsakanin rugage, babu gari kusa. Nan ki bari inji ya huce, a cire ta, ki lallaɓa zuwa gari, kuma kada ki sake fita aiki sai an sa wata. Mutum in ya ce miki kowa ma cirewa yake yi, ki gaishe shi da kyau ki ja motarki.

Daga nan muka ƙulla da Bakari. Wannan bashen da kike riƙe da makullinta shi ya zaɓa mini, ya shiga ƙarƙashinta ya fito sau uku kafin ya ce in ɗauka. Matarsa Awa da Innarki suka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Tare suke shiga kasuwar Gouro sayen kayan miya, ke kina bayan Awa a goye, don Innarki na fama da baya a lokacin. Da Julanci kika fara neman ruwa kafin Hausa.

Kuskurena na biyu ƙyuya ce ta jawo shi. Kalostar bashe ta fara gajiya, Bakari ya ce in kawo ta ya duba. Ni kuwa na tuna cunkoson gada, na ce haba, a kan 'yar wannan aba? Ina wucewa ta layin masu sayar da kayan mota a nan Adjamé na ga wata a kan tebur, cikin kwali mai kyalli. Na ɗaga ta, na juya ta, na ga zagayenta ya yi kama da tawa. Mai kayan ya ce, "Alhaji, adaptabul ce, tana shiga kowace mota." Arha kuma ba a magana. Na ba wani a bakin titi ya ɗaura mini.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, na ɗauko naman shanu biyu daga mayanka, na hau gadar da ke fitowa daga Treichville, sai cunkoso ya tsaya cak. Ina kallo allura ta bar tsakiya, ta yi sama, ta shiga ja. Bayana nama, gabana motoci, rana na dukan tamfol. Hankalina ya tashi. Na fito na ɗaga murfin inji, na sa tsumma na murɗa marfin radiyata. Kai, Nafisa! Ruwan ya yi tsalle ya wanke mini hannu tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Tabon nan da kike shafawa kina ƙarama kina cewa taswirar Nijar ce, to a ranar aka zana shi. Nama bai isa rumfa ba sai bayan azahar. Mahauta suka karɓa suna yamutsa fuska, ɗaya ma ya ƙi karɓa.

Ki riƙe wannan da kyau, ko kin manta sauran. In allura ta shiga ja, ki sauka gefen hanya ki kashe mota. Kada ki taɓa marfin radiyata sai kin iya ɗora tafin hannunki kan tiyon sama ki bar shi a nan. Ko saniyar wa ke jiran allura, ta jira.

Hannuna a naɗe na kai wa Bakari motar. Bai ce mini ai na faɗa maka ba. Ya ciro wadda na saya, ya ɗauko irin ta kamfani, ya jera su kan benci. Ya ce in duba. Ta kamfanin tana da wani ɗan faifai a gindi, wanda ke toshe wata ƙaramar hanyar ruwa in ta buɗe. Tawa babu. Ta kamfanin an buga mata tamanin da biyu a jiki, zafin da take buɗewa ke nan. Tawa lambarta ta fi haka. Daga nan ya ƙwala wa Awa kira ta ba shi tukunya. Ya ɗora ruwa kan gawayi, ya ɗaure kowacce da zare, ya zura su ciki ba su taɓa gindin tukunya ba. Muka tsuguna muna kallo. Tun ruwa bai tafasa ba ta kamfanin ta fara buɗe baki a hankali har ta gama. Tawa sai da ruwa ya yi ta ɓulɓula sannan ta ɗan motsa, rabi ma ba ta kai ba. Awa na tsaye tana faɗa, wai an mai da mata tukunyar miya ta dafa ƙarfe.

A ranar ya koya mini abin da zan ba ki a matsayin amsa. Orijin ita ce wadda kamfanin motar ya sa wa hannu. Ta fi tsada, amma ba sai kin san komai ba, ki ba da takardar mota a shago na gaskiya, su duba lamba su ba ki wadda ta dace. Adaptabul kuwa iri-iri ce. Akwai ta kirki, wadda masana'anta sanannu ke yi, wani lokaci ma su ne ke ƙera wa kamfanin motar. Akwai kuma shara a cikin kwali mai kyau. Har orijin ɗin ma ana yin ta ƙarya, a buga mata tambari a shimfiɗa a tebur. Ke da za ki yi ta yawo a hanyoyin ƙauye, ba ki da makanikin da kika sani a can, ki sayi ta kamfani. In ba a samu ba, ki karɓi adaptabul ta kirki ba tare da fargaba ba, muddin lambarta ɗaya da tsohuwar, siffarta ɗaya har faifan gindin, kuma an dafa ta a gabanki kin ga ta buɗe, kin ga ta koma ta rufe da ta huce. A sa sabon jwan, robar nan da ke hana yoyo, kada a mayar da tsohon. In an zuba ruwa a bar mota tana aiki har iskar da ta maƙale a ciki ta fita.

Da a nan maganar ta tsaya, da tun ran Lahadi na ba ki amsa muna cin tuwo.

Kina aji biyu a firamare lokacin. Saura kwana biyu Layya, ranar Juma'a ce. Aka kira ni da safe aka ce babbar motar da ta ɗauko raguna daga gida ta lalace kusa da Toumodi, kowa ya zo ya kwashi nasa. Akwai ragunana a ciki, har da waɗanda mutane suka riga suka zaɓa tun ba su iso ba. A makon kuma kalostar bashe ta sake fara wasa. Bakari ya nemi ta kamfani bai samu ba, sai ya samo adaptabul a shagon da ya yarda da shi, ya ajiye mini.

Na iso Biafra ina haki, na tarar da shi yana alwala. Na ce ya sa mini yanzu-yanzu. Ya ce, "Koro, ban dafa ta ba tukuna. Mu je masallaci. In mun sauko in dafa ta, in sa maka, ka kama hanya. Aikin awa ɗaya ne." Na ce raguna na cikin rana. Ya ce awa ɗaya ba za ta kashe su ba. Na ce masa abin da na gani an yi sau uku ba zai gagare ni ba, ƙusa biyu ce kawai. Na ɗauki kwalin a kan benci na tafi. Ina jin shi yana kirana daga baya, yana cewa wani abu game da resor, murɗaɗɗiyar wayar nan da ke jikin kalosta. Ban waiwaya ba.

A bakin titi na ɗaura ta da hannuna, na cika ruwa, na kama hanya, ko Juma'ar ban samu ba. Ina fita gari allura ta fara hawa. Na ce sabuwar kalosta ce, allurar ce ke ƙarya. Ni da ke ɗauke da tabo a hannu, na ci gaba da taka mota. Ban kai rabin hanya ba na ji ƙarfinta ya tafi, farin hayaƙi ya turnuƙe, ta mutu. Kan injin ya ƙone. Sai washegari na samu wata mota ta je ta kwaso ragunan, huɗu sun riga sun mutu saboda ƙishi da matsi. Waɗanda na yi wa alkawari suka yi ta zuwa ƙofar gida, ina ba su haƙuri.

Ran da aka jawo bashe, ban tsaya ko'ina ba sai garejin Bakari. Wurin cike yake da mutane, har da mahautanmu uku da suka kawo motocinsu. Na tsaya a tsakiya na ɗaga murya. Na ce ya ba ni jabu. Na ce ya ci amanata, ya kashe mini inji da raguna. Na faɗa da Hausa, na maimaita da Faransanci don kowa ya ji. Yana tsaye yana goge hannu da tsumma har na gama. Sai ya ce, "Koro, kawo ta mu dafa." Na ce ba ni da lokacin dafa shara. Ya sake cewa, a hankali, "Kawo ta mu dafa a gaban mutanen nan. In ba ta buɗe ba, ni zan gyara maka injin." Na juya na tafi.

Wani gareji na kai ta a Adjamé. Kwana huɗu bayan haka tsohon da ke aikin ya kira ni gefe, ya miƙo mini kalostar. Ya ce, "Alhaji, wa ya ɗaura wannan? A juye take. Resor ɗin cikin inji yake kallo, don ta nan take jin zafi. Wannan an juya shi waje." Abin da Bakari ke ƙwala mini ke nan ina tafiya. Tsohon na jiran amsa, na ce masa ya ci gaba da aikinsa. Na sa ta a aljihu na dawo gida.

Ɗiyata, tun a wannan rana na san gaskiya, kuma ban faɗa wa kowa ba. Na ce gobe zan je. Goben ta zo na ce sai ƙura ta lafa. Kafin wata ya ƙare mahautanmu duk sun janye motocinsu daga wurinsa, don maganar Alhaji Isufu ba a musunta a mayanka. Ina ji ana cewa Bajulen nan mai sayar da jabu, sai in yi shiru, shirun kuma a ɗauke shi shaida. Awa ta zo gidan nan da kwanon abinci, ta ce ta zo ganinki. Innarki ta tsayar da ita a bakin ƙofa, ta ce mata abincinmu ya ishe mu. Ina ɗaki ina jin komai, ban fito ba. Kin yi kwanaki kina tambayar ina Tanti Awa, daga baya kika daina. Har yau in suka haɗu a Gouro Innarki kawar da kai take yi, ta hau duba tumatir. Tana yi ne don ta kare mutuncin mijinta, ba ta san abin da take karewa ba.

Kalostar ban yar da ita ba. Na sa ta a gwangwanin madara, na tura bayan akwatin takarduna. Duk shekarun nan ban dafa ta ba. Ina gaya wa kaina wataƙila ma da gaske ba ta da kyau, wataƙila laifin rabi da rabi ne. Muddin ban dafa ba, ina da wurin ɓuya.

Ran Litinin, bayan tambayarki, kin fita, Innarki ta tafi kasuwa. Na ɗauko gwangwanin, na ɗora ruwa a ƙaramar tukunyarta ta shayi, na ɗaure kalostar da zare yadda Bakari ke yi. Na tsuguna da waɗannan gwiwoyin nawa ina kallo. Tun ruwa bai tafasa ba ta buɗe. Ta buɗe sarai, har ƙarshe, bayan duk wannan zama da ta yi. Na ciro ta na ajiye, ta huce ta rufe. Na jima zaune a madafa, wallahi kunya ta hana ni tashi, ko da yake babu kowa a gidan sai ni.

Ga abin da nake so ki tafi da shi Ferke. Wata rana za ki yi wa saniya allura ta mutu. Zai faru, don aikin ke nan. Mai ita zai tsaya a kanki, mutane za su taru, zuciyarki za ta kawo miki sunan wanda ya sayar miki da magani, ko wanda ya riƙe igiya. Kafin ki buɗe baki ki tambayi hannunki. In laifin naki ne ki faɗa a ranar, a wurin, tun da zafinsa. A ranar farko magana ce guda mai ɗaci. Ni na bar tawa ta kwana, yanzu ta haɗa da Innarki, da Awa, da sunan mutumin da bai taɓa cutata ba. Kuma in wanda ya fi ki sanin aiki ya ce ki dakata awa ɗaya, ki dakata.

Bakari na nan a Biafra, ƙarƙashin mangwaron. Na sani don ina bi ta titin sau da yawa, in rage gudu, in wuce. Idonsa ya yi rauni, amma an ce har yanzu in ya ɗora hannu kan tiyo yana faɗin abin da ke damun mota. Na ji kuma an ce ƙarshen watan nan zai tattara ya koma Odienné gaba ɗaya. Ke za ki tafi Asabar, shi zai tafi ƙarshen wata, ni kuma shekaruna kin san su.

Saboda haka ga roƙona. Kada ki bari kowa ya taɓa bashen nan sai shi. Ran Alhamis da hantsi, lokacin da garejin ke cika, ki kai ni. Mu biya shago mu sayi ta kamfani, in babu mu je hannu sake ya zaɓa da kansa, shi zai dafa, shi zai ɗaura. Na kira biyu daga cikin mahautan da ke wurin a waccan rana, na ce su same ni a can, ban faɗa musu dalili ba. Na ukun ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya tafi da abin da na faɗa masa. A gaban mutane na zagi Bakari, a gaban mutane zan wanke shi. Ko zai amsa gaisuwata ban sani ba. In ya kau da kai yana da gaskiya, ke dai ki roƙe shi ya duba miki motar, ba ke kika yi masa laifi ba. In mun dawo ni zan gaya wa Innarki da bakina, wannan kuma ta fi ba ni tsoro.

Gwangwanin yana ƙarƙashin kujerar direba, na sa shi jiya, makulli kuma yana hannunki, don kada in samu damar mayar da shi bayan akwati. Na san kaina, Nafi. Ran Alhamis zan ce miki gwiwata na ciwo, ko in ce ana nemana a mayanka, ko in ce mu bari sai kin zo hutu. Kada ki yarda da ko ɗaya. Ki tayar da mota, ki bar ta ta ɗumama, ki danna mini oda sau ɗaya. In ban fito ba, ki shiga ki karanta wa Innarki wannan takarda daga farko har ƙarshe.

In mun isa ba sai kin yi magana ba. Ki tsaya kusa da ni kawai, ki miƙo mini gwangwanin. Na riga na san abin da zan ce masa, kwana uku ina maimaita shi: "Bakari, na kawo ta. Zo mu dafa."

Allah ya yi miki albarka, ya kai ki Ferke lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na ƙarfe da na mutum, ya sa hannunki ya zama waraka ga dabbobin bayinsa. Ya dawo mana da ke muna raye. Ki sa ni a addu'a, Allah ya ba ni ƙarfin fitowa ran Alhamis.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isufu